Busa gilashi da fasassun kwalabe: abin da mai son sana'ar a Kebbi ya kamata ya sani

Wanda ya kalli mai busa gilashi a waya, idonsa kan tsaya ne a kan busar: ga dunƙulen wuta a bakin bututu, mutum ya hura, abu ya kumbura ya zama kwalba. Alhali busar nan ita ce mafi sauƙi a sana'ar, ko yaro yana da numfashin da zai kumbura gilashin da ya yi laushi. Abu biyu ne ke raba gwani da mai ɓarnar gas: sanin irin gilashin da ya zuba a tukunya, da haƙurin sanyaya abin da ya ƙera. Matashin Birnin Kebbi ko Jega ko Yawuri da ke sha'awar wannan aiki, daga nan ya kamata ya fara, domin fasaharsa da kasuwarsa duk a kansu za su tsaya.

Sana'ar ta tsufa. A yankin Sham aka gano busa gilashi da bututu, wajen ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, kuma tun 1291 hukumar Banis ta tattara masu aikin a tsibirin Murano na Italiya, inda suke har yau. Amma mutum ɗaya ya gina ƙaramin tanderu a shagonsa ya yi aiki da sunansa, wannan sabon abu ne: a 1962 Harvey Littleton da Dominick Labino suka nuna hakan zai yiwu a garin Toledo na Amurka. Mu ma ba baƙi ba ne ga gilashi. A maƙwabciyarmu jihar Neja, 'yan Masaga na Bida sun daɗe suna narka kwalabe a murhun laka, suna naɗe gilashin a jikin ƙarfe su fitar da awarwaro da duwatsun wuya. Ba busa suke yi ba, amma sun san wuta, sun san kwalba, kuma wanda ya raina abin da za su koya masa ya yi asara.

Gilashin kwalba haɗin abu uku ne: yashi mai tsabta wajen kashi 72 cikin ɗari, soda wajen 13 ko 14, sai sinadarin farar ƙasa wajen 10. Haɗa wannan daga tushe yana son wuta mai tsanani da tsabtar kaya da sabon shiga ba zai iya ba, don haka a nan fasassun kwalabe ne jarinka. Masana'antar Ngwenya a Eswatini da ta Kitengela kusa da Nairobi da tsohon gilashi suka yi suna, ba abin kunya ba ne. Sai dai kwalba tana da hali. An haɗa ta ne domin inji, wanda ke son gilashi ya sandare nan take ya saki mazubi. A hannun mutum wannan hali azaba ne: ka fito da ita daga wuta tana zuba, kafin ka zauna a benci ta fara tauri. Mai aiki da kwalba dole ya rage yawan motsi, ya riƙa komawa wuta akai-akai, ya kuma tsara siffar da ba ta son dogon ja da naɗi. Ana iya sassauta ta da ƙara hodar soda, wadda ake kira soda ash, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na nauyin kwalaben. Kar a wuce gona da iri, domin soda in ta yi yawa kofin zai riƙa yin hazo da gumi da damina, fuskarsa ta dushe. Kanwar kasuwa tana da soda a cikinta, amma da ƙasa da gishiri a gauraye, takan bar datti a saman tukunya. In za a gwada ta, a gwada a ƙaramin kasko daban.

Tantance kwalabe aiki ne mai gundura, kuma shi ne rabin nasara. Fari daban, kore daban, ruwan ƙasa irin na maltina da maganin tari daban. In son samu ne, tukunya guda ta ci kwalaben kamfani guda. A jiƙa su a cire takarda, a cire marfi da zoben alminiyon da ke maƙale a wuya, a wanke, a shanya su bushe sarai, sannan a farfasa su girman ɗan yatsa, da tabarau a ido da safar hannu. Dalilin wannan wahala shi ne kowane gilashi da gwargwadon yadda yake buɗewa in ya yi zafi, ya tsuke in ya huce. A ma'aunin masu sana'a kwalba tana tsakanin 85 da 90, sandunan launi na Italiya suna 104, gilashin ɗakin gwaje-gwaje da kwanukan da ke jure wuta, wato borosilikat, yana 33. Ɓarɓashin borosilikat ko na tangaran ɗaya tak in ya faɗa tukunya ba zai narke ya bi sauran ba, zai zauna a jikin kofi kamar tsakuwa, tsaga ta taso daga wurin. Gwajin dacewa ba ya cin kuɗi: a jera gilashi biyu gefe da gefe, a narka su manne, a ja su zare siriri mai tsawon kamu guda. In zaren ya huce a miƙe, sun dace. In ya lanƙwashe, kar a haɗa su a abu guda.

Akwai gilashin da bai kamata ya kusanci tanderu ba ko kyauta aka ba ka. Mazurarin bayan tsohuwar talabijin mai ƙoƙo cike yake da dalma, dogon ƙwan lantarki yana da zaiba, kwalaben maganin feshi kuma ba a san abin da ya rage a cikinsu ba. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan dalma, bayan abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda gubarta ta kashe ɗaruruwan yara. Abin da mutum zai sa a baki ya sha ruwa, amana ce.

Wuta uku shago ke bukata: tanderun narkawa mai tukunya a ciki, ramin ɗumi inda ake mayar da aiki ya sake laushi, da akwatin sanyaya. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya yin ɗumin a bakin tanderun, ya rage wuta ɗaya. Akwatin sanyaya kuwa ba a rage shi. Lita guda ta gilashi tana da nauyin kilo biyu da rabi, don haka tukunya mai lita 8 tana ɗaukar kilo 20, wanda in an cire abin da ke saura a gindi da abin da ke maƙalewa a bututu zai ba da kofi arba'in ko fiye kaɗan. Tukunyar ta zama ta laka mai jure wuta wadda aka yi domin gilashi. Yumɓun tukwanenmu ba ya jurewa, yana narkewa ya ɓata gilashin. Sabuwar tukunya a hankali ake ɗora mata wuta, a kwashe yini da kwana ana hawa, in ba haka ba ta tsage da kaya a ciki.

Ana zuba kwalabe kaɗan-kaɗan, sai na farko ya kwanta a ƙara wani. In tukunya ta cika a kai wuta digiri 1,250 zuwa 1,300 a ma'aunin Salshiyas, a bar ta sa'o'i kumfa ya taso ya fita, sannan a sauko wajen 1,150 a yi aiki. Saukowar nan tana shanye ƙananan kumfan da suka rage. Tsofaffin masu sana'a suna da dabara: su soke ɗanyen dankali a tsinin ƙarfe su danna shi ƙasan tukunya, tururinsa ya taso da manyan kumfa da ke kwashe ƙanana su kuma gauraya gilashin. A yi shi da kariya a fuska. Game da gas, tukunyar kilo 12.5 ba ta iya ciyar da babban wuta ita kaɗai. In ana zuƙar ta da ƙarfi sai jikinta ya yi raɓa har da ƙanƙara, ƙarfinta ya faɗi, wuta ta mutu ana tsakiyar aiki. A haɗa biyu ko uku a layi ɗaya, ko a nemi ta kilo 50. Shago ya zama mai iska ta sama, saboda hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa yana kisa, amma a kare benci daga iskar hunturu, wadda ke tsaga kofi tun yana kan ƙarfe.

Bututun busa tsawonsa wajen mita ɗaya da santimita 30 ne, na baƙin ƙarfe ko wanda ba ya tsatsa. Kar a yi shi da fayif ɗin ruwa mai rufin tutiya, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Ana gasa bakinsa ya yi ja-ja, domin gilashi ba ya kama ƙarfe mai sanyi. A sa shi a saman narkakken gilashi a juya, yadda ake naɗo zuma a tsinke, a fito ana juyawa. Juyin nan ba ya tsayawa har aiki ya ƙare. Hannu in ya tsaya, gilashi ya zubo gefe guda, kofi ya fito gefe mai kauri gefe siriri. A mirgina dunƙulen a kan faffaɗan ƙarfe mai santsi ya daidaita, a hura sau ɗaya a toshe bakin bututu da babban yatsa. Iskar da aka kulle ita za ta yi zafi ta buɗe kumfan da kanta. A bari fatar ta ɗan huce kafin a ƙara ɗebo na biyu a kai, in ba haka ba kumfan ya rushe.

Daga nan sai gyaran siffa da ludayin katako da ke kwana a ruwa, na itace maras ƙaro, ko da tsohuwar jarida da aka ninka da kauri aka jiƙa sharkaf. Tururi ne ke shiga tsakanin takarda da gilashi, shi ya sa hannu ba ya ƙonewa. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne gindi ya fi kafaɗa zafi: iska tana bin wuri mai laushi, sai gindin ya zama siriri ya huje. Maganinsa a taɓa gindin a kan ƙarfe ya ɗan huce kafin kowace busa. Sai a matse wuya kusa da bututu da dogon awartaki da aka shafa wa kakin zuma, a baje gindi da katako. Mataimaki ya kawo sandar ƙarfe mai ɗan gilashi a kai ya manna a tsakiyar gindi, a ɗiga ruwa a wuyan, a ƙwanƙwasa bututu, kofi ya koma kan sanda. Wannan mannin shi ke cin kofuna da yawa. In ɗan gilashin ya yi zafi ainun zai zama ɗaya da gindi, lokacin cirewa ya tafi da ɓari. In ya yi sanyi kofi ya faɗo ƙasa a bakin wuta. Bayan nan a ɗumama baki, a datse shi da almakashi in ya karkace, a buɗe shi da awartaki, a cire daga sanda, a ruga da shi akwatin sanyaya.

A akwatin nan ne sunan mai sana'a ke gyaruwa ko ya ɓaci. Gilashi in ya huce a fili, fatarsa ta waje tana sandarewa tun cikinsa na da laushi. Cikin ya zo tsukewa ya tarar waje ya riƙe shi, sai ja-in-ja ta zauna a jikin abin, ido ba ya ganinta. Kofi zai yi kyau a shago, a saya, a jera shi a ɗakin amarya, bayan sati biyu ya tsage shi kaɗai, ko ya fashe ranar da aka zuba masa shayi. Wanda abu ya fashe masa a hannu ba ya dawowa, kuma ba ya yin shiru.

Gilashin kwalba ana riƙe shi a wajen digiri 540 zuwa 550. Lissafin lokaci da wuri mafi kauri ake yinsa, galibi gindi, kuma ana fara ƙirga ne daga shigar abu na ƙarshe. Mai kaurin milimita 6 ya samu awa guda, sannan a sauko kamar digiri 60 zuwa 80 a awa har zuwa 450. Mai milimita 12 ya samu awa biyu, a sauko kamar 50 a awa. Mai milimita 25 yana son awa huɗu, saukarsa kuma kar ta wuce 15 a awa. Ka ga kauri in ya ƙaru, jira ma ƙaruwa yake yi sosai. Ƙasa da 450 ana iya ɗan hanzartawa, amma ƙofa a rufe take har sai hannu ya iya taɓa kayan. Ma'aunin zafi mai waya da ake sokawa cikin akwati ba kayan ado ba ne, ido ba ya gane digiri 550. In akwatin na lantarki ne aka ɗauke wuta ana tsaka, kar a buɗe don leƙawa. A bar shi ya huce, in wuta ta dawo a hau da kayan a hankali a sake zagayen daga farko. Shi ya sa a garuruwanmu akwati mai ƙaramin wutar gas da bango mai kauri ya fi kwanciyar hankali. Binne aiki a toka mai zafi, kamar tokar ɓuntun shinkafa da ke tule a bayan injinan casa, yana isar ƙananan duwatsun wuya. Ba ya isar kofi.

Akwai gwaji mai sauƙi. A buɗe farin shafi a fuskar kwamfuta, a riƙe kofin a gabanta, a duba ta tabarau mai tace hasken rana irin wanda ake kira polarized, a juya tabaran har fuskar ta yi duhu. In an ga haske mai ƙarfi ko launuka a gindi ko inda hannu ya haɗu da jiki, ja-in-ja na nan. Kar a sayar, a mayar akwati.

To, me za ka ƙera? A ganina babban kuskure shi ne mutum ya ɗauko hoton aikin Murano ya ce sai ya yi irinsa da kwalbar lemo. Nasu gilashin an haɗa shi ne don ya daɗe da laushi, kuma gwani irin Lino Tagliapietra tun yana yaro ya fara aiki a bakin tanderu. Kwalba tana ba da nata kyan: kauri, nauyi a hannu, launin kore-kore da ƙarfen cikin yashi ke haifarwa, da ƙananan kumfa da ke kama haske. Amma kumfa ado ne kawai in kai ka so shi, ka kuma iya maimaita shi a kofi goma sha biyu. Wanda ya zo bisa kuskure aibi ne, ko me aka kira shi.

Siffofin da za ka ɗauka suna kewaye da kai. Dubi goran da masunta ke hawa a kogin Matan Fada ranar bikin Argungu, zagayayye mai ƙaramin baki. Wannan siffa ce da busa ke bayarwa ba tare da faɗa ba, kuma in aka hura ta a cikin ragar waya da maƙeri ya saƙa, gilashin ya kumburo ta ramuka, sai ga gora da homa a abu guda. Dubi wuyan tulu, da tandun kwalli, da kwalbar humra da mata ke nema mai kyan da za a ajiye a gaban madubi. Mutum-mutumi ba shi da kasuwa sosai a nan, kuma ba rashi ba ne: fitilun gilashi na masallatan Alƙahira na ƙarni na 14, masu ayoyi a jiki, suna cikin mafi darajar abin da aka taɓa busawa. Ado kuwa hanyoyinsa da yawa ba sa son kuɗi. Mai walda zai jera maka sanduna a cikin guntun fayif ya zama mazubi mai fitar da layi-layi, in ka murɗa aikin layukan su zama naɗi. Daka gilashi mai launi da ya ci gwajin zare, a tankaɗe, a mirgina dunƙule a kai, ya fito da ɗige-ɗige. Tsoma aiki cikin ruwa na ƙiftawar ido a mayar wuta yana ba da fata mai tsattsage. Launi mai ƙarfi kuma ɗan kaɗan yake so: kobalt na ba da shuɗi, tagulla na ba da shuɗi-kore. Daka da gugar gilashi a jiƙe ake yinsu, ƙurarsa na lalata huhu. Kowace siffa a fara zana ta da alli a ƙasa kusa da benci, girmanta na gaskiya, domin mataimaki ya san inda aka nufa ba sai an yi magana ba.

Mataimakin nan ba ɗan aike ba ne. Aikin na mutum biyu ne aƙalla, kuma Dale Chihuly na Amurka, bayan ya rasa ido ɗaya a hatsarin mota a 1976 ya kuma goce kafaɗa a 1979, ya ajiye bututu ya koma zane da jagorantar tawaga, sunansa bai ragu ba. Ido da tsari su ne fasahar. Mai neman ilimin a makaranta, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da fasahar gilashi. Wanda jarinsa bai kai tanderu ba yana iya farawa da wutar tebur mai gas da iskar oksijin, yana gyara da ƙera kayan ɗakin gwaje-gwaje na borosilikat, domin makarantu da asibitoci daga Aliero har Gusau suna amfani da su, kuma suna fashewa. Wannan yana son tabarau na musamman mai tace hasken rawaya, da abin hana wuta komawa cikin tiyo, kuma mai ko giris ba ya taɓa kan tukunyar oksijin.

Kuɗin sana'ar a wuta yake tafiya, don haka ba a kunna tanderu don kofi biyar. A tara oda, a tanadi kwalabe, a kunna a yi kwanaki ana aiki a jere, domin kunnawa da kashewa na cin gas yana kuma tsaga tukunya. Da bazara, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, aikin dare da na bayan asuba ne, da ruwan sha a kusa. A auna tukunyar gas a sikeli kafin aiki da bayansa, a rubuta. A rubuta nauyin kwalabe, da sodar da aka ƙara, da yawan abin da ya shiga akwati da wanda ya fito lafiya. Farashin kofi shi ne kuɗin gas da lada da kwalabe a raba da abin da ya fito lafiya, ba da abin da aka busa ba, sannan a ɗora riba. Kofi ba zai taɓa yin gasa da na kamfani a arha ba, kar ma a gwada. Kayan yau da kullum, irin su kwalaben humra da kofuna da murfin fitila, su ke biyan gas. Manyan ayyuka ɗaya ko biyu a ƙarshen kowane zagaye, lokacin da hannu ya faɗa, su ke kai suna otal-otal da wuraren baje koli na Abuja da Legas. A sa wa kowane aiki alama a gindi, a ɗauki hotonsa da haske ta baya.

Kwalabe ma sai an ƙulla da masu tara su tun da wuri, tunda roba ta cinye kasuwar lemo. A yi magana da 'yan gwangwan da masu shagon magani, a riƙa biya da kilo, a ƙara wa wanda ya kawo a rarrabe. Wajen aikawa kuma kowane abu a naɗe shi shi kaɗai, a cika cikinsa da takarda, a zuba ɓuntun shinkafa kamu guda a ƙasan kwali da tsakanin kaya yadda gilashi ba zai taɓa gilashi ba. A girgiza kwalin kafin a ɗaure. In an ji motsi a ciki, a buɗe a ƙara ɓuntu, sannan a kai tasha.